Shiga Navy Federal ta hanyar ɗan uwa soja

Jama'a, ga abin da na tsinto daga bayananku kan yadda ake shiga Navy Federal, bankin haɗin gwiwa na sojoji da iyalansu, don masu dangi a sojan Amurka.

1. Baki ya zo ɗaya: ana karɓar iyayen soja, kakanni, mata ko miji, 'ya'ya har agola, jikoki, yayye da ƙanne, ko da sojan ya bar aiki.
2. Baffa da kawu ba sa ciki, sai in gida ɗaya kuke zaune. Wannan ya sosa ran mutane da yawa, har da ni, don a wurinmu baffa uba ne.
3. Dala 5 ke buɗe asusun ajiya.
4. An rabu kan takardar sallama daga aikin soja, DD-214. Wasu sun ce a nemo ta tukuna, wasu sun ce ba a ma tambaye su ba.
5. Wanda bai samu shiga ba, PenFed, wani bankin haɗin gwiwa irinsa, na karɓar kowa.