Neman shawara: ina son sauya launin falonmu kafin bikin 'yata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo a Agege ta Legas, a hawan ƙasa. Wanda ya zauna kafin mu ya shafe falon da koren fenti mai duhu, irin na mai ɗin nan mai sheƙi, ga shi kuma tagarmu ɗaya ce, ginin maƙwabta ya tare ta, har da rana tsaka sai mun kunna ƙwai. Bikin 'yata ya rage wata biyu, kuma ba na son dangi su taso daga Kano su tarar da falo kamar kogo. Maigidana ya ce fari fat kawai, ni kuma ruwan madara nake so, domin ina da yara ƙanana biyu da ba sa ajiye fensir. Sannan bangon da ya haɗa falon da banɗaki yana kumbura daga ƙasa, fentin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wane launi da wane irin fenti kuke ganin ya dace, kuma bokiti nawa zan saya?

Amsa daga wani mai sana'ar fenti a Mushin:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri, zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne babba. Bangon da yake kumbura daga ƙasa laima ce take cinsa, kuma tunda yana jingine da banɗaki, abu na farko da za a duba shi ne bututun ruwa ko tsagewar tayil ta ɗaya ɓangaren. Ko Dulux kika saya ko Berger, idan aka shafa a kan jiƙaƙƙen bango, kafin damina ta zagayo zai sake ɗagowa. A kira mai gyaran famfo tukuna, a kankare wurin har a ga siminti, a bar shi ya sha iska. Idan ta kai ga an sake yin fulasta, to a ba ta kamar mako huɗu kafin a kusance ta da fenti, shi ya sa nake cewa wata biyun nan da kike gani ba su da yawa. Inda kuma aka ga baƙin funfuna, a wanke da ruwan bilic da aka sirka, a buɗe taga, kada a haɗa shi da wani maganin wanki.

Na biyu, fentin ruwa ba ya kama fentin mai idan an shafa shi kai tsaye. Dole a bi bangon da samfefa a kashe sheƙin, a shafa farama, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa, sannan launin da kika zaɓa ya hau sau biyu. Duk mai fentin da ya ce miki zai rufe koren nan da shafi ɗaya, kuɗinki yake so. Tunda fentin tsoho ne, a riƙa jiƙa samfefar da ruwa, a kuma kai yaran gidan 'yan'uwa ranar, saboda tsohon fentin mai yakan zo da dalma, ƙurarta kuwa tana cutar da ƙananan yara.

Game da lissafi, idan falon ya kai mita 4 da mita 5, tsayinsa mita 3, bangon zai kama murabba'in mita 48 bayan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, don haka shafi biyu zai ci lita 10 zuwa 12. Bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishe ki har da ragi, ban da faramar. Ki tsaya a wurin lokacin da ake sirka shi da ruwa.

Amsa daga wata uwa a Idi-Araba:

'Yata, ni ina bayanki a kan ruwan madara, amma ki saurari abin da ya same ni. Na zaɓi wani ruwan toka daga ƙaramin katin da suke nunawa a shago, a can ya yi mini kyau ƙwarai, da aka shafa a falona sai ya koma shuɗi-shuɗi kamar ɗakin asibiti, domin farin ƙwan lantarki muke amfani da shi. Ki sayi mafi ƙanƙantar gwangwani, ki shafa faɗin sallaya a kan farar takarda mai kauri, ki manna ta kusa da labulenki da kujerunki, ki dube ta da hantsi, da la'asar, da kuma dare. Ki zaɓi fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin, domin tsumma da ɗan sabulu suna goge zanen fensir a kansa. Farin da maigidanki yake so a ba shi silin, kowa ya samu nasa. Farin bango a Legas, da hayaƙin janareta da hannun yara, ba ya kai Sallah biyu.

Amsa daga wani mai ba da hayar gidaje a Mile 12:

Hajiya, kafin a buɗe bokiti ki sa maigidanki ya sanar da mai gidan da kuke haya, kuma ya ajiye saƙon a waya. Yoyon bututun da ke cikin bango galibi gyaran mai gida ne, launi mai haske kuwa ban taɓa hana ɗan haya ba.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai gyaran famfo ya zo da safiyar nan, ya tarar bututun da ke bayan wurin wanke hannu ne yake ɗiga, mai gidan kuma ya amince zai biya. Mama, na manna takardu biyu a bango tun jiya, kuma da maigidana ya dawo daga kasuwa da daddare, wadda ta fi ɗan duhu ya nuna da kansa, ko da yake har yanzu yana kiranta fara.