Faifai Uku a Wata Shida: Ina Matsalar Take?

Wani mai na'urar ajiyar bayanai a gida ya sauya faifai (hard disk) uku cikin wata shida, RAID ɗinsa (tsarin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar ɗaya) na ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin waɗanda suka ba shi shawara ba su zargi faifan ba.

Tambayar farko: a gurbi ɗaya suke mutuwa? In haka ne, laifin galibi na wayar SATA ne (wayar da ke ɗaukar bayanan faifai) ko na allon da ake soka faifan. SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa kan kansa, zai raba gardama. Ƙidayar lamba 5 da 197 na rahoton in suna hauhawa, faifan ne ke lalacewa. 199 kuwa yawanci laifin waya ne, sai a sauya ta.

An fi daɗewa ana tattauna batun wutar lantarki, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Kowane babban faifai kan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi, to in guda shida suka tashi tare, tsohon akwatin da ke ba na'urar wuta na iya gazawa. Ga ɗaukewar wuta da komawa janareta, shi ya sa aka nace a sa UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Zafi kuma, a share ƙura, a duba fanka.

Wani ya tuno da 2020, lokacin da aka gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital masu fasahar SMR ne (rubuta layukan bayanai suna hawa kan juna), suna wahalar da ZFS, wani tsarin ajiyar fayil, wajen sake gina bayanai a kan sabon faifai. A sayi masu fasahar CMR, wadda layukanta ba sa hawa kan juna. Kafin sake ginin ma, a kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri, domin a lokacin faifai na biyu na iya sarewa.