Wai daga ƙwallon unguwa Vardy ya fito?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Ƙanena ya je gwajin 'yan wasa da wata ƙungiya ta kira, kuɗin fom da na mota duk daga aljihuna suka fita. Kwana uku yana zuwa fili tun sassafe. A rana ta ukun, ko ƙwallon bai taɓa ba, wani cikin masu horarwa ya duba takardarsa ya ce shekara 23 ta yi yawa, ya je ya kama sana'a. Yaron nan ya dawo gida ko abinci ya kasa ci. To ina tambaya, shekarar Jamie Vardy nawa lokacin da Leicester ta saye shi a 2012? Shekara 25. Mutumin da Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan 16, wai jikinsa ya yi ƙanƙanta, ya koma ƙwallon unguwa ana ba shi fam 30 a mako, da rana yana aiki a masana'antar da ke ƙera kayan ɗaurin ƙafa na asibiti. A 2016 ya ɗaga kofin Firimiya. Wallahi da a nan aka haife shi da tuni an ce masa ya tsufa, da yanzu adaidaita yake ja.

Na Fagge: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba yaro haƙuri. Amma Baban Ummi akwai gyara a maganarka. Vardy bai taɓa buga ƙwallon unguwa ba. Stocksbridge Park Steels ƙungiya ce mai rajista, tana da filinta, ana biyan kuɗin shiga kallo, ana hawa ana faɗuwa a gasarsu.

Ɗan Kurna: Fam 30 a mako fa aka ce. Idan wannan ba unguwa ba ce, mene ne sunanta?

Na Fagge: A unguwarku nawa ake biyanku a mako?

Ɗan Kurna: Ba a biyanmu, amma idan aka ci wasa mai ƙungiya yana sallamar yara. Duk abu ɗaya ne. Wanda sai ya tashi daga aiki sannan ya ɗauki takalmi ya tafi fili, ɗan ƙwallon unguwa ne, ko a Ingila yake ko a Kurna.

Malam Habu: Ku saurara in yi muku bayani, don na ga ana cakuɗa abubuwa. A Ingila matakai huɗu na sama su ne Firimiya, Championship, League One da League Two, ƙungiyoyi 92 ke nan. Duk abin da ke ƙasa da su shi ne ake ce wa na wajen lig, amma tsani ɗaya ne, daga can ƙasa ƙungiya za ta iya hawowa har sama idan tana cin gasarta. Lokacin da Vardy ya shiga babbar tawagar Stocksbridge a 2007 suna mataki na takwas. A 2010 FC Halifax Town ta saye shi fam 15,000, suna mataki na bakwai, ya ci kofin rukunin da su. Shekara ɗaya ya yi, Fleetwood Town ta ɗauke shi a mataki na biyar, ya zura ƙwallo 31 a lig, suka ci kofi suka shiga League Two a karon farko a tarihinsu. Daga nan Leicester ta biya fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan wajen lig kafin shi. Ina ka taɓa jin an sayi yaro daga ƙungiyar unguwa da takarda da sa hannu?

Ɗan Kurna: Malam, da girmanka, amma duk wannan lissafin bai cire shi daga unguwa ba. Stocksbridge ɗin gari ne babba?

Malam Habu: Ƙaramin gari ne a gefen Sheffield, na ma'aikatan ƙarfe, daga nan ma sunan ƙungiyar ya samo asali.

Ɗan Kurna: To ka gani. Unguwar maƙera.

Na Fagge: Subhanallah. Yanzu gari guda ka mayar unguwa don dai kada ka karɓi gyara?

Baban Ummi: Jama'a ni fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Ku kira ta duk abin da kuka ga dama. Maganata ita ce an ba mutum dama yana ɗan 25.

Abba Gunners: Ana ta zuzuta mutumin nan kamar wani abu. Kaka ɗaya ce Allah ya ba su sa'a. Kuma a kakar ma gida da waje muka doke su, 5-2 a gidansu, 2-1 a Emirates, Welbeck ya sa kai a minti na ƙarshe.

Sadiq Blues: Kuka doke su, suka ɗauki kofi da maki 81 kuna da 71. Sannan kuka bi shi da kuɗi a 2016 ya ce ba ya zuwa. Abin da ke cin ranka ke nan, ka faɗi gaskiya.

Abba Gunners: Ya ƙi zuwa don ya san ba zai iya irin wasanmu ba. Shi ban da a cilla masa ƙwallo ya bi ta da gudu me ya iya? Kai kuma ɗan Chelsea da bakin magana? Wa ya karɓe muku kofin FA a 2021?

Sadiq Blues: Tielemans ne ya ci ƙwallon, ba Vardy ba.

Abba Gunners: Amma yana cikin fili, kuma ya rataya lambar.

Malam Habu: Abba, a nan ka zalunce shi. Wanda ya ci ƙwallo 24 a kakar 2015/16, ya dawo ya ɗauki takalmin zinare a 2019/20 da ƙwallo 23 yana da shekara 33, ba a ce masa mai kaka ɗaya. Sannan wasa 11 a jere yana ci a Firimiya, ya karya tarihin Van Nistelrooy na wasa 10, kuma a ragar Manchester United ya cike na sha ɗayan, ranar 28 ga Nuwamba 2015.

Jan Shaiɗan: Me ya kawo United cikin maganar nan?

Ɗan Kurna: Vardy ne ya kawo ta tun 2014, kuna cin 3-1 aka tashi 5-3. Ɗan unguwa ne ya yi muku wannan aika-aikar.

Na Fagge: Ka sake cewa unguwa. Kai da gangan kake yi.

Jan Shaiɗan: Ni dai abin da na sani, mutumin da kotu ta sa aka ɗaura masa na'ura a ƙafa saboda faɗa, ba shi ne za a kafa wa yaranmu misali da shi ba.

Malam Habu: Wannan ya faru, ba a ɓoye yake ba. Yana Stocksbridge aka same shi da laifin duka, aka sa masa dokar komawa gida ƙarfe shida na yamma, har takan kai a cire shi ana tsakiyar wasa don ya isa gida a kan lokaci. Amma ni a wurina wannan ƙarin hujja ce ga Baban Ummi. Ga laifi, ga shekaru, ga ƙungiyar da ta yar da shi tun yana yaro, duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, saboda duk Asabar yana da wasan da ake rubuta sakamakonsa, kuma akwai masu zuwa leƙen 'yan wasa.

Jan Shaiɗan: Malam yanzu faɗa kake karewa?

Malam Habu: Ina na kare faɗa? Ka koma ka karanta.

Sai Masu Gida: Duk ku bar wannan. Ni ba zan taɓa yabon Vardy ba, saboda shi ya hana ɗanmu Ahmed Musa sakat a Leicester. An sayo Musa daga CSKA Moscow a 2016 wajen fam miliyan 16, ya zura wa Barcelona biyu a wasan sada zumunta tun kafin a fara kaka, sai aka ajiye shi a benci saboda ɗan gida. Da aka mayar da shi Rasha aro, me ya yi wa Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018? Biyu ya zuba musu.

Sadiq Blues: Koci ke fitar da 'yan wasa, ba Vardy ba.

Sai Masu Gida: An ce manyan 'yan wasan ne ke juya ƙungiyar.

Sadiq Blues: Wa ya ce?

Sai Masu Gida: Kowa ya sani, a gidan kallo ma an sha faɗa.

Na Fagge: Gidan kallo ya zama hujja ke nan. To Ndidi da Iheanacho fa? Ba tare suka yi shekaru da shi ba? Ba tare suka ci kofin FA ba?

Sai Masu Gida: Su ba daga Kano Pillars suka fito ba.

Ɗan Kurna: Ai shi ma Musa daga unguwa ya taso a Jos.

Na Fagge: Makarantar horar da ƙwallo ya shiga a Jos, ya buga JUTH, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda sannan ya wuce VVV-Venlo a Holand. Kai komai unguwa ne a wurinka.

Ɗan Kurna: Kafin makarantar a ɗaki yake bugawa?

Maman Khalil: Haba jama'a. Bawan Allah ya zo da kukan ƙaninsa, kun bar jaki kuna dukan taiki. Baban Ummi, yaron a wane gari yake? Ba shi da ƙungiyar da yake bugawa yanzu?

Baban Ummi: Na gode Hajiya. Yana da ita, ta nan unguwarmu, lamba tara yake bugawa.

Na Fagge: Ka ji bambancin da nake faɗa tun ɗazu. Shi ƙanenka unguwa yake bugawa da gaske, babu wanda ke rubuta ƙwallayensa. Vardy kuwa ko a matakin da ya fi ƙasa, in aka kwatanta, irin 'yan gasar NLO ne a nan Najeriya, wato ƙananan ƙungiyoyi masu neman hawa NNL, mataki na biyu, su kai NPFL, babbar gasar ƙasa.

Ɗan Kurna: NLO ɗin ma yawancinsu yaran unguwa ne aka sa wa riga iri ɗaya.

Jan Shaiɗan: Ni wata tambaya gare ni, kada a ji haushi. Shekara 23 ɗin, ta gaskiya ce ko ta takarda? Don kowa ya san yadda ake aske shekaru a harkar nan.

Baban Ummi: Malam ka kiyaye harshenka. A gabana aka yanka ragon sunansa. Da mun so ragewa da mun rubuta 18 kamar yadda wasu suka ba mu shawara, mahaifinmu ya ce ba za a fara neman abinci da ƙarya ba.

Jan Shaiɗan: Ban ce kun yi ƙarya ba, tambaya na yi.

Abba Gunners: Ai ko a Ingilan ma irin Vardy ba su da yawa. Kuma namu ya riga shi. Ian Wright yana dab da cika 22 Crystal Palace ta ɗauko shi daga Greenwich Borough a 1985, ya zo Arsenal ya kafa tarihin cin ƙwallo. Me ya sa ba a maganarsa?

Malam Habu: Gaskiyarka a nan. Akwai kuma Stuart Pearce, mai gyaran lantarki ne yana buga wa Wealdstone kafin Coventry ta ɗauke shi a 1983, har ya riƙe kyaftin ɗin Ingila. Smalling daga Maidstone ya je Fulham, Antonio daga Tooting & Mitcham. Shi Vardy da kansa ya buɗe makarantar V9 don irin waɗannan yaran su samu masu kallonsu.

Sadiq Blues: Amma cikinsu wa ya ci wa ƙungiya ɗaya ƙwallo 200 a wasa 500 ya tafi? Ranar bankwanarsa da Ipswich a Mayun 2025 ya cike. Yana da shekara 38 Cremonese ta Italiya ta ɗauke shi.

Abba Gunners: Ya bar su bayan sun faɗi daga Firimiya karo na biyu cikin shekara uku.

Sadiq Blues: Da suka faɗi a 2023 gudu ya yi? Ya tsaya ya dawo da su.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, zan rufe a nan. Ga abin da na fahimta. Na farko, ya tabbata Vardy ba ɗan ƙwallon unguwa ba ne, bayanin Malam Habu da Na Fagge ya gamsar, kuma Ɗan Kurna bai kawo komai ba sai maimaita kalma ɗaya. Na biyu, ɗan wasa ne mai ƙoƙari, amma ni har yanzu ina ganin ya yi kuskuren ƙin zuwa Arsenal, kuma kamar yadda Abba ya nuna, Ian Wright ya riga shi bin wannan hanyar, ya kuma fi shi iya ƙwallo. Na uku, maganar Ahmed Musa akwai ƙamshin gaskiya, ba a ba shi isasshen lokaci ba. Jan Shaiɗan ka nemi afuwar Baban Ummi. Sadiq kuma ka rage tsokana.

Ɗan Kurna: Shugaba ai kai ɗan Arsenal ne, kowa ya sani. Ban yarda da hukuncin nan ba.

Sadiq Blues: Wa ya yi maganar wa ya fi iya ƙwallo? A ina aka tattauna wannan?

Baban Ummi: Shugaba ko ambaton ƙanena ba ka yi ba. Ya ce min gobe da asuba zai fita atisaye. Duk wanda ya san wata ƙungiyar NLO da ke duba ƙafar yaro kafin ta duba takardarsa, don Allah ya yi min magana ta gefe.