Wanda ya riga ya isa Faransa, me kuma zai kai shi cikin teku don Ingila?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sani ku fahimtar da ni. Mutum ya gudo daga yaƙi, ya ratsa sahara, ya sha azabar Libiya, ya haye Bahar Rum, Allah ya kai shi Faransa inda ba mai harbinsa, to me zai sa ya sake shiga kwale-kwalen roba daga Calais wai sai Ingila? A Nuwamban 2021 mutum 27 suka nutse rana ɗaya a ruwan nan har da mai juna biyu da yara, wlh abin na tsaya min a rai.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ki fara da sanin cewa yawancin 'yan gudun hijira ko Turai ba sa zuwa, maƙwabta suke tsayawa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 dubban ɗaruruwa ne suka kwarara Chadi ta Adre suna can cikin bukkokin leda. Ko a Turan ma a 2023 Jamus ta fi Ingila karɓar masu neman mafaka nesa ba kusa ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka nace sai Ingila galibi dangi ne da yare, ɗan Sudan Turawan Ingila ne suka mulke su yana ɗan jin turanci, yayansa na Manchester, ɗan Afghanistan wani ma tafinta ya yi wa sojojinsu. Ke da kanki in gobara ta kore ki ai gidan ɗan uwa za ki nufa ko da akwai masauki mafi kusa.

Abu Sadiq:
Yaya Ɗan Damagaram ka yi gaskiya amma ka bar babban. Ba wata biza da ake kira bizar neman mafaka, Ingila ba za ta saurare ka ba sai ƙafarka na kan ƙasarta, kamfanin jirgi kuma ba zai ɗauke ka ba biza ba don tara ake cin sa, to ta ina za ka bi? Ku duba 'yan Yukiren, da Rasha ta afka musu a 2022 aka buɗe musu tsarin biza, sun shiga ta jirgin sama da jirgin ƙasa da jakunkunansu, shi ya sa ba ku ji su cikin kwale-kwale ba. Sannan ga dokar Dublin ta Tarayyar Turai, ƙasar da aka fara ɗaukar hoton yatsunka nan za a iya mayar da kai, mutum an dangwala masa a Italiya ya zo Faransa ana ta juya shi wata da watanni ba takarda ba aiki, Ingila kuwa ta fita daga tsarin tun ƙarshen 2020, sai ya ga can ne kawai za a buɗe masa sabon fayil.

Baba Mai Goro:
Ku daina mantawa da masu safarar, Allah ya isa. Su ke yi wa yaran nan romon baka wai tazarar ba ta wuce kilomita talatin da 'yan kai ba, ba za su ce musu ruwan ƙanƙara ne ba ga manyan jiragen dakon kaya na ta giftawa. Kuma ɗa ne an sayar da gona an ci bashi an tura shi, da wane ido zai kira gida ya ce yana kwana a daji 'yan sanda na kwashe masa tanti kusan kullum?

Maman Ilham:
Na gode Baba, na gode Abu Sadiq, batun Yukiren ɗin nan ya taɓa ni sosai. To shirin Ingila na kai su Ruwanda da aka yi ta hayaniya a kai fa, bai tsorata su ba?

Abu Sadiq:
A 2022 aka sanar da shi, a shekarar kuma sama da mutum dubu 45 suka haye. Ba a tilasta wa ko mutum ɗaya tafiya ba har gwamnatin Keir Starmer ta soke shi a Yulin 2024.