802.1X a kan suwic: wa ya taɓa kunna shi a Damagaram, yaya aka ƙare?

Mai kula da rezo, Sabon Gari

Assalamu alaikum ƴan uwa. A biron da nake aiki, duk wanda ya shigo da kwamfutarsa sai ya zare kebul daga bango ya jona, nan take ya samu adireshi ya shiga har wurin takardun lissafin kuɗi. Abin yana hana ni barci. Ina so in kunna 802.1X a kan suwic ɗinmu na Cisco, na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu, don kowace ƙofa, wato wurin jona kebul, ta tambayi shaida kafin ta buɗe. Wanda ya taɓa yi ya gaya mini abin da ya gani da idonsa.

Tsohon ma'aikaci, Birni

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsarin ba sabo ba ne, tun 2001 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da shi. Suwic kamar mai gadi ne da bai san kowa ba: ya karɓi sunanka ya miƙa ciki, sai an ce masa a bar ka sannan ya buɗe. Na cikin shi ne sabar RADIUS, kwamfutar da ke duba shaidar kowa, kuma can ne aikin yake. Kwamfuta tana magana da suwic ta hanyar saƙonnin da ake kira EAPOL, shi kuma yana kai wa saba ta tashar UDP mai lamba 1812.

Kafin ka rubuta wa suwic umarnin aaa new-model, ka ƙirƙiri suna da kalmar sirri a cikin suwic ɗin kansa, kebul ɗin konsol, wanda ake shiga suwic da shi kai tsaye, yana hannunka. Na ga wanda ya rufe kansa a waje da wannan layin. Daga nan aaa authentication dot1x default group radius, sai dot1x system-auth-control. A kowace ƙofa kuma switchport mode access, authentication port-control auto, dot1x pae authenticator. Kada ka taɓa ƙofar da sabar take, ko wadda ke haɗa suwic da suwic.

Malama mai koyar da kwamfuta, Karkada

Malam, mu a makarantarmu ranar farko ɗakin kwamfuta gaba ɗaya ya yi tsit. Suwic lafiya, saba lafiya, amma ba wadda ta shiga. Ashe a Windows hidimar Wired AutoConfig a kwance take zuwa, sai ka tashe ta da kanka ka sa ta riƙa tashi ita kaɗai. In ba ta tashi ba, shafin tantancewa ma ba zai bayyana a katin rezo ba. Suwic yana ta tambaya, kwamfuta ba ta ko ji.

Mai gyara, kusa da kasuwar Dole

Ba wanda ya ambaci firinta! Yawancin tsofaffin firintoci da kyamarori ba su san wannan magana ba sam. Maganinsu MAB, wato a shigar da lambar MAC ɗinsu, lambar da kowane katin rezo yake zuwa da ita, a saba. Amma ga inda yake cizo: suwic yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin tambaya da tambaya, sai kusan daƙiƙa 90 ta wuce kafin ya haƙura ya koma MAB. Kafin nan firinta ta gaji da neman adireshi ta yi shiru. Na rage dot1x timeout tx-period zuwa 10, ta daidaita. Sai dai ku sani lambar MAC a manne take a bayan firinta, mai wayo zai iya kwafa. Ni VLAN dabam, wato ɓangaren rezo da aka ware, nake jefa su, inda ba abin da za su iya kaiwa sai aikin bugawa.

Tsohon ma'aikaci, Birni

Gaskiya ne. Amma abin da ya fi damuna a garin nan wuta ce, balle watan Afrilu da Mayu da zafi ya kai intaha. Wuta ta ɗauke, ta dawo, suwic ya riga saba tashi, ko batirin sabar ya riga na suwic mutuwa. Duk wanda ya jona a wannan tsakanin, ƙofa a rufe, ga darakta tsaye a kanka. Dole ka gaya wa suwic abin da zai yi in saba ta mutu: authentication event server dead action authorize vlan, ka ba shi lambar VLAN mai iyaka, intanet kawai. Wasu suna buɗe komai a irin wannan hali, ni ban yarda ba, don ɓarawo ma zai iya jiran ɗaukewar wuta.

Sai agogo. In ka bi hanyar tantancewa da satifiket, wato takardar shaida ta lantarki, kamar PEAP ko EAP-TLS, kwamfutar da ɗan batirinta na ciki ya mutu za ta tashi da kwanan watan shekarun baya, ta ce satifiket ɗin sabar bai fara aiki ba, ta ƙi. Sauya batirin ya fi arha a kan yini guda na neman laifi a suwic.

Mai kula da rezo, Sabon Gari

Allah ya saka da alheri, Yaya. To ofisoshin da aka sa ƙaramin suwic a ƙarƙashin tebur, mutum huɗu a kebul ɗaya fa?

Malama mai koyar da kwamfuta, Karkada

Nan ne ƙofa take kulle kanta, don a yadda take zuwa na'ura ɗaya kawai take karɓa. Ka sa authentication host-mode multi-auth, kowa ya ba da shaidarsa. Ka guji multi-host, mutum ɗaya ya shiga sauran su bi bayansa ba tambaya. Shawarata ka fara da authentication open: ana tantancewa amma ba a hana kowa, kai kuma kana duba show authentication sessions, kana kallon freeradius -X a saba, wato bayanan da manhajar RADIUS take nunawa, kana ganin wa aka ƙi da dalili. In ka ga ba amsa ko kaɗan, duba fayil ɗin clients.conf a saba, ko adireshin suwic ko kalmar sirrin da suwic da saba suke amfani da ita tare ce ba ta yi daidai ba. Sai jerin ya tsabtata sannan ka cire open, ofis ɗaya bayan ɗaya, ka fara da naka.