Neman shawara: saita fuskar kwamfutoci 12, da linzami ko ta baƙin allo?

Malamin Kwamfuta, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta, da tsofaffin kwamfutocin tebur guda 12. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, injinan kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba, sai na sa musu Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows. So nake duk su zama iri ɗaya: rubutu ya ƙara girma saboda dattawan ajin yamma, layin gumakan nan na gefen hagu ya dawo ƙasa kamar yadda ɗalibai suka saba, a kuma iya rubuta ƙ, ɗ da ɓ. Ƙanena ya ce in daina wahala da linzami, in buɗe Terminal in rubuta umarni. Ni kuwa baƙin allon nan tsoronsa nake ji. Wanne ya fi? Kuma ya zan hana yara sauya min komai?

Mai Gyara, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Malam. Ka riƙe linzaminka. Girman rubutu, wurin gumaka, kibod, duk suna cikin Settings, abin da babu ka sauko da manhajar ƙarin saiti mai suna GNOME Tweaks. Kana dannawa kana ganin abin da ya faru. Yawancin masu kawo min inji a lalace, umarni suka kwaso a intanet suka liƙa ba su san ma'anarsa ba.

Injiniya, Titin Zoo:
Oga Mai Gyara, a inji ɗaya maganarka dutse. Amma 12 fa ya ce.

Malam, abin da ba a cika faɗa ba shi ne hanyoyin biyu wuri ɗaya suke zuwa. Fuskar Ubuntu sunanta GNOME, tana ajiye zaɓinka a wata ma'ajiya da ake kira dconf. Ko ka danna a Settings, ko ka rubuta gsettings a Terminal, cikinta ake rubutawa. Ka gwada ka gani da idonka: danna Ctrl+Alt+T, rubuta

dconf watch /

ka bar shi a buɗe, ka je Settings ka kunna babban rubutu. Nan take za ka ga layi ya fito a baƙin allon, da sunan abin da ka taɓa da sabuwar ƙimarsa, 1.25. Wato linzamin ne da kansa yake karanta maka umarnin. Daga nan tsoro yake fita.

Don haka ka zauna a inji ɗaya, ka gyara shi da linzami har ya yi maka. Sannan:

dconf dump / > saiti.txt

Ka kwafe fayil ɗin a filash, a kowane inji ka rubuta

dconf load / < saiti.txt

Shi kenan. In ka sa hoton bango, ka tabbata hoton yana wuri iri ɗaya a kowane inji, domin adireshinsa kawai fayil ɗin ya ɗauka, ba hoton ba. Kuma kada ka sa sudo, kalmar da ke ba umarni ikon shugaba, a gaban waɗannan, in ka sa, saitin zai tafi asusun root, wato na shugaban injin, ka zauna kana mamakin me ya sa ba abin da ya canza.

Ɗalibar BUK:
Malam, kan haruffa masu ƙugiya: a Settings, sashen Keyboard, ka ƙara Hausa. Akwai ta Najeriya akwai ta Ghana, ka lura da wadda ka zaɓa. Maɓallin Windows da Space ne ke sauya tsakaninta da Turanci. In ka ga ana cewa a yi amfani da setxkbmap, tsohon yayi ne na X11, tsohon tsarin nuna hoto a allo. Ubuntu yanzu sabon tsari mai suna Wayland yake hawa, ba zai yi maka aiki yadda kake so ba.

Mai Gyara, Farm Centre:
Ka ji ko? Ga irin abin da nake gudu nan. Umarnin jiya ba na yau ba ne, amma akwatin dannawa yana nan.

Injiniya, Titin Zoo:
Na yarda, sai dai ba komai ne ke da akwati ba. Misali, a Windows in ka danna gunkin manhajar da ke buɗe, sai ta ɓuya. Ɗalibansa za su nemi haka, kuma babu shi a Settings na Ubuntu. Sai da wannan:

gsettings set org.gnome.shell.extensions.dash-to-dock click-action 'minimize'

In bai yi maka ba, ka maye set da reset, ka cire kalmar ƙarshe, ya koma yadda yake. Ka rubuta shi da hannunka, domin wayoyi kan lanƙwasa alamar zance, Terminal kuma ba ya karɓar lanƙwasassa.

Hajiya Mai Makaranta, Kabuga:
Ni tambayarsa ta biyu ce ta dame ni. Yaran yanzu, ka juya baya sun sa hoton ɗan ƙwallo a bango. Ba wanda ya amsa wannan.

Injiniya, Titin Zoo:
Gaskiya ne Hajiya, afuwan. Na farko, ɗalibai su shiga da asusun da ba na shugaba ba, wannan da linzami ake yi a sashen Users. Kulle hoton bango kuwa sai Terminal: ana rubuta sunan saitin a fayil cikin /etc/dconf/db/local.d/locks, a tabbatar an ambaci local a /etc/dconf/profile/user, sannan a yi sudo dconf update. Nan ne kaɗai sudo ya halatta. Wannan ɓangaren, Malam, ka zaunar da ƙanen naka a gefenka.

Malamin Kwamfuta, Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na gwada dconf watch ɗin, wallahi layin ya fito. Saura ɗaya: uku daga cikin injinan suna jan ƙafa, ina tunanin sa musu wani Linux ɗin, Linux Mint mai fuskar Xfce mara nauyi. Fayil ɗin zai yi a kansu?

Injiniya, Titin Zoo:
A'a Malam. Xfce ma'ajiyarsa daban, xfconf ake ce mata. Waɗannan ukun ka gyara ɗaya da linzami, ka fita daga asusun, sannan ka kwafe foldar .config/xfce4 zuwa sauran biyun.