Muhawara: Labarin ƙawaye zai iya riƙe littafi in babu soyayya?

Anti Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Littafin da za mu karanta a watan gobe na ƙanwarmu ce da ke cikin wannan zaure, kuma shi ne talifinta na farko. Ta turo mini babi uku na duba. Labarin ƙawaye huɗu ne da suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, yajin aikin malamai na 2022 ya riƙe su wata takwas a gida, suka koma suka kammala, sannan rayuwa ta watsa su. Ɗaya aka tura ta bautar ƙasa kudu, ɗaya ta yi aure ta nemi a bar ta a garin mijinta, ɗaya shekarunta sun haura talatin aka ba ta takardar ɗauke mata hidimar, ta huɗun kuwa ta koma gida tana sayar da turaren wuta. Marubuciyar ta ce da gangan ta ƙi gina shi a kan soyayya. Akwai aure a ciki, amma ƙawancen ne ginshiƙi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya albarka. Amma zan faɗi gaskiyata tun kafin a sake shi: littafin Hausa da babu soyayya a tsakiyarsa ba zai riƙe mai karatu ba, kuma ba zai sayu ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a shagon littattafan yayana a kasuwar Sabon Gari. Yarinya in ta zo, tambayarta ta farko ita ce wa ya auri wa. Ina ba ƙanwata shawara, tun da sauran lokaci, ta ɗauki ɗaya daga cikin huɗun ta ba ta labarin soyayya mai ƙarfi, sauran su zagaye ta.

Ummi: Kai Malam, ko shafi ɗaya fa ba ka karanta ba.

Malam Habu: Ban karanta littafin ba ƙanwata, amma na karanta kasuwar.

Yaya Nura: Malam Habu, da girmanka, kasuwar da ka sani ta wani zamani ce, kuma ko ƙagaggen labarin Hausa ba da soyayya ya fara ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A cikin biyar ɗin nan Jiki Magayi ne kawai neman aure ya tayar da rigimarsa. Ka tuna abin da ke sa ɗan makaranta ya kasa ajiye Ruwan Bagaja: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ne, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Mutum biyu da suka kasa rabuwa da juna, su ne suka ɗauki littafin. Soyayya ta mamaye kasuwa ne daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu.

Malam Habu: To ai ka faɗi dalilina da bakinka. Waɗancan hukuma ce ta buga, makarantu suka saya, ɗalibi ya karanta don jarrabawa. Ranar da marubuci ya fara buga littafi da kuɗinsa, yana jiran mai saye ya ciro nasa kuɗin, me ya rubuta? Soyayya. Yanzu ma da aka koma waya, marubuciya ta saki shafuka kyauta a WhatsApp, in labari ya ɗau zafi ta ce sai an biya, a ina take yanke shi? A daidai inda ake jiran a ga ko za a ɗaura aure.

Ummi: Gasar Hikayata ta BBC Hausa fa? Tun 2016 ake yin ta, kuma labarin da ya fara cin ta a kan 'yan gudun hijira ne. Mata na rubuta abubuwa da yawa da ba soyayya ba, ana kuma sauraro.

Malam Habu: Gajeren labari ne, a rediyo ake karanta shi, ba wanda ya biya ko sisi. Ni maganar babi arba'in nake yi.

Baban Khalil: Ni ina bayan Malam Habu, amma ba don kasuwa ba. Matsalata da ginin labarin ce. Soyayya tana da inda ta dosa: ko a yi aure ko a rabu, mai karatu ya san abin da yake jira. Abotar bayan makaranta kuwa ba faɗa ke kashe ta ba. Kira ne ke raguwa. Daga kullum a koma mako-mako, a koma barka da Juma'a, a koma barka da Sallah, shi ke nan. Wane babi za ka rubuta a kan wayar da ba a buga ba? Mu goma sha biyu muka yi tsari ɗaya a sansanin horon bautar ƙasa, mako uku muna fareti tare kamar 'yan uwa ɗaya. Yau biyu kawai nake da lambarsu, kuma babu wanda ya yi wa wani laifi. Wannan gaskiya ce, amma ba labari ba ne.

Maman Afnan: Baban Khalil, ku yi haƙuri zan yi dogon rubutu, don wannan maganar ta taɓa ni.

Shekara huɗu na yi da wata a ɗaki ɗaya. Tukunya ɗaya, risho ɗaya, in garin kwakinta ya ƙare nawa ne nata. Daren da aka bugo mata waya mahaifinta ya rasu ni na raka ta tasha da asuba, na bi ta har garinsu, na yi kwana bakwai a gidansu. Da muka gama, ni Allah Ya kawo mini miji da aiki a shekara ɗaya. Ita ta zauna shekara uku tana zagaya ofisoshi da takardu a jaka.

Lokacin bikina ƙawaye suka fitar da anko. Ta kira ni tana ta kewaye-kewaye, na gane kuɗin ne babu, na saya mata. Na ɗauka alheri na yi. Ranar kamu wata ta faɗa a gaban mutane cewa amarya ce ta yi mata ankon, kuma ni na gaya wa waccan ɗin, ba da mugun nufi ba. Ta yi murmushi, ta yi hidimar bikin nan har aka kai ni ɗaki. Bayan wata biyar na ji kuɗi sun shigo mini, daidai kuɗin ankon, babu ko saƙo. Na san abin da ta sayar kafin ta haɗa su. Daga ranar ba mu sake zama mu biyu ba. Muna gaisawa, ta zo sunan Afnan, amma abin nan ya tafi.

Yanzu ku ce mini babu labari a nan. Akwai fage, akwai kalma ɗaya da ta rusa shekara bakwai, akwai mai laifin da ba ta san ta yi ba. Littattafan soyayya nawa na karanta, ban taɓa ganin wanda ya rubuta wannan ciwon ba. In mijinki ya sake ki, kowa ya san sunan abin da ya same ki. Akwai idda, akwai biko, akwai dattawan da za su shiga tsakani. In aminiyarki ta janye, wa za ki kai wa ƙara? Ko mahaifiyarki cewa za ta yi, don ƙawa kike wannan kukan?

Anti Rabi: Allah Sarki, Maman Afnan. Allah Ya daidaita ku.

Baban Khalil: Amin. Na yarda wannan fage ne mai ƙarfi. Amma fage ɗaya ne, Hajiya.

Yaya Nura: Mu maza namu ya fi haka yawa, ba ma faɗa ne kawai. Ku biyu kun gama tare, kai ka fi shi sakamako, shi kawunsa ya samo masa gurbin aiki a Abuja. Kana taya shi murna da baki, cikinka na ciwo, kana kuma jin kunyar ciwon. Shekara ta zagayo ka roƙe shi ya saka maka baki a wajen aikinsu, ya ce in sha Allahu, daga nan ya fara ƙin ɗaukar wayarka, ba don ƙiyayya ba, don ba shi da abin da zai gaya maka. Ga karo-karon guruf ɗin 'yan aji in wani zai yi aure, ana jera sunaye da abin da kowa ya bayar. Wanda alawus ɗin bautar ƙasa, dubu talatin da uku a lokacinmu, shi ne albashin ƙarshe da ya taɓa karɓa, sai ka ga ya fita daga guruf ɗin cikin dare. Mutum huɗu, kowa da irin wannan da sauran ukun, babi arba'in ma ba zai isa ba.

Hajiya Inna: Ni tsohuwa ce a cikinku, bari in saka baki. Ku daina ɗaukar ƙawance ƙaramin abu a wajen Bahaushe. A zamanin iyayenmu ƙulla shi ake yi, mutane su sani. Mace tana da ƙawa, tana da yaya ko ƙanwar rana da ba jininta ba. In bikinki ya zo ƙawarki ta kawo gudunmawa, in nata ya zo ki ninka mata. In abin ya yi nauyi a zauna a rage, a sake farawa. Wato sun san kuɗi na iya ɓata ƙawance, sai suka yi masa tsari. 'Yan boko kun gaji ƙawancen ba ku gaji tsarin ba, shi ya sa anko ɗaya ya raba Maman Afnan da 'yar'uwarta. In yarinyar nan ta gane wannan ta rubuta shi, ta yi aikin da ya fi a ƙara mana wani attajirin saurayi.

Ummi: Inna, wallahi ban taɓa jin ƙanwar rana ba sai yau.

Malam Habu: Hajiya Inna, na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Ban ce labarin babu daraja ba. Tsorona ga yarinyar ne. Na ga marubuta da yawa sun zuba kuɗinsu a littafin farko mai ma'ana, ya kwanta a shago ƙura ta rufe shi, ba su sake ɗaukar alƙalami ba. Ku da kuke wannan zaure masu son karatu ne, za ku yaba. Mu nawa ne? Wanda zai sa ta rubuta na biyu shi ne mai biyan kuɗi a waje.

Maman Afnan: To Malam, masu biyan kuɗin nan mata ne irina. Kowacce tana da lambar da take kallo a waya ta kasa bugawa. An daɗe ana sayar mana da abu ɗaya, sai aka ɗauka shi kaɗai muke so.

Baban Khalil: Anti Rabi, ke da kika ga babi uku, tambaya ɗaya. Akwai abin da mai karatu ke jira, ko kuwa rayuwa ce kawai ke tafiya?

Anti Rabi: Akwai. Tun a makaranta su huɗun suna adashi, kuma sun yi alƙawarin ba za su daina ba. A ƙarshen babi na biyu kwasa ta zo kan mai turaren wuta, ɗaya daga cikinsu ba ta zuba ba, kuma ita ce wadda ta fi su samu. Ba a faɗi dalili ba. Ni dai na kira marubuciyar ƙarfe sha ɗaya na dare ina tambayarta babi na huɗu.

Baban Khalil: To wannan kam zan karanta.

Malam Habu: Ni ma zan saya, kuma ba na son a ba ni kyauta. Amma Hajiya ki rubuta adadin waɗanda suka fara babi na ɗaya da mu, ki sake ƙirgawa a babin ƙarshe. Sannan a tambayi ƙanwata mutum nawa suka biya daga wajen zauren nan. Ranar sai mu dawo kan maganar.

Anti Rabi: Na karɓa. Za mu fara Asabar ta farko a wata, babi biyar kowane mako, tattaunawa bayan sallar isha'i. Marubuciyar ta roƙi kada ta ce komai sai mun kai ƙarshe, don haka kada kowa ya bi ta ta bayan fage yana tambayar dalilin ƙin zubin.